Rabon Saƙon Madannai Tsakanin Manhajoji Masu Takara A Cikin Kwamfuta

Gabatarwa

Abin da za mu tattauna yau ƙaramin abu ne a ido, har mai yiwuwa wani ya ga bai kai a tara jama'a dominsa ba. Watau, idan mutum ya zauna gaban kwamfuta ya danna harafi ɗaya a kan allon madannai, wa ke da hakkin karɓar wannan harafi? Allon ɗaya ne tak, mai bugun ma ɗaya ne, amma manhajojin da ke aiki cikin na'urar a daidai wannan lokaci sukan haura ɗari, kuma da dama daga cikinsu suna da sha'awar jin abin da aka buga. Wasu don aikinsu ne na halal, wasu kuwa don sata.

Kada a ɗauka damuwar sabuwa ce. A shekarar 1984 hukumar tsaron Amurka ta gano cewa jami'an leƙen asirin Tarayyar Sobiyat sun dasa ƙananan na'urori a cikin tafireta 16 ƙirar IBM Selectric na ofishin jakadancin Amurka a Mosko da ƙaramin ofishinta na Leningirad, waɗanda ke aika abin da ake bugawa ta iska zuwa ga masu saurare a waje. Hikimar masu dasawar ita ce sun gane cewa duk ƙarfin akwatin ƙarfen da za a kulle takarda a ciki, akwai lokacin da sirrin yake a fili, watau lokacin da yake fita daga yatsun akawu. A zamanin kwamfuta ba sai an ɓalle na'ura an dasa kome ba. Manhaja ƙarama ta isa, muddin tsarin ya yarje mata ta saurara.

Saboda haka abin da nake son in kafa a wannan lacca shi ne, rabon saƙon madannai shari'a ce ta mallaka da amana, kuma darajar kowane tsarin kwamfuta tana ga irin hukuncin da ya yanke a kanta. Zan fara da yadda saƙon yake tafiya, sa'an nan in kawo hanyoyi uku da aka bi wajen rabonsa, in ƙare da abin da ya shafe mu mu masu rubutu da Hausa.

Daga yatsa zuwa ƙwaya

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja mai gudanar da sauran, kamar Windows ko Linux ko macOS. A tsakiyar babbar manhajar akwai wani sashe da Turawa ke kira kanel, ma'anarsa ƙwaya, irin ta gyaɗa a cikin ɓawo. Ƙwayar nan ita kaɗai ce ke da iznin taɓa kayan na'ura kai tsaye. Sauran manhajoji, kamar ta rubuta wasiƙa ko ta lissafin albashi, sai dai su roƙe ta. Ma'aikatan da ke nan za su iya kwatanta ta da ofishin rajista na ma'aikata, inda duk wasiƙar da ta shigo take fara sauka, a buga mata hatimi da kwanan wata, kana masinja ya kai ta teburin da ya dace.

Allon madannai kuwa bai san harafi ba sam. A ƙarƙashin madannan akwai wayoyi da aka jera a tsaye da a kwance kamar saƙar tabarma, da wata 'yar na'ura da ke zagaya su ba dare ba rana tana duba inda aka haɗa biyu. Idan ta gani, sai ta aika da lambar gurbin. A kwamfutar IBM PC ta shekarar 1981, madannin da ke ɗauke da harafin A yana aika lamba 30 idan an danna shi, ya aika 158 idan an sake shi, watau an ƙara 128 a kan ta farko. Ku lura da wannan, domin dannawa saƙo ne, sakewa ma saƙo ne mai zaman kansa. In na biyun ya ɓace a hanya, manhaja za ta ci gaba da zaton har yanzu yatsa na kan madannin.

Da lambar ta iso, sai a buga wa kwamfuta wata irin ƙararrawa da ake kira katsewa. Duk aikin da take yi sai ta dakata, ƙwaya ta karɓi lambar ta ajiye a layin jira, kana a koma kan aikin da aka bari, duka cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Allunan zamani masu amfani da USB, wanda ya fito a 1996, sun ɗan bambanta, domin kwamfutar ce ke leƙa su kamar sau ɗari a kowace daƙiƙa tana tambayar ko akwai labari. Amma ƙarshen tafiyar ɗaya ne: saƙo ya iso rajista. Layin jiran kuma yana da iyaka. Na IBM PC ta farko dannawa 15 kawai yake ɗauka, in ya cika sai na'urar ta yi ƙara ta zubar da sauran. To, daga nan ne shari'armu ta fara. Wa za a miƙa wa?

Hanya ta farko: rububi

Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙi yanke hukunci, a bar wanda ya riga ya ɗauka. Haka abin ya kasance a tsarin MS-DOS, wanda ya mamaye ofisoshin duniya a shekarun 1980. An gina shi ne bisa zaton manhaja ɗaya ce za ta riƙa aiki a lokaci guda, don haka ba a sa wani shinge tsakanin manhaja da kayan na'ura ba. Sai masu fasaha suka ƙirƙiro ƙananan manhajoji masu laɓewa cikin na'ura suna jiran a kira su da wata dannawa ta musamman. Mafi shahara ita ce SideKick ta kamfanin Borland, wadda ta fito a 1984, mai ɗauke da kalanda da na'urar lissafi da ɗan littafin rubutu.

Dabararsu ita ce, kowace takan je ta goge adireshin da ƙararrawar madannai ke zuwa ta rubuta nata, ta yadda saƙo zai fara biyowa ta hannunta, in ba nata ba ne ta miƙa wa wanda ta tarar a wurin. In an ɗora irinsu uku ko huɗu, sai su zama sarƙa, ta ƙarshen shiga ita ce ta farkon ji. Wata ba ta miƙawa, wata kuma takan koma ta sake ƙwace kan layi, wata in an cire ta daga tsakiya sai sarƙar ta tsinke na'ura ta sandare. Masu amfani da kwamfuta na wancan zamani sun sha fama da neman jerin da za a ɗora su ba tare da sun yi faɗa ba. Darasin da aka koya shi ne, inda babu alƙali, mai ƙarfin hali ne ke cin rabon kowa, kuma babu yadda za a yi a bambanta mai hidima da mai laɓe, tun da ƙofa ɗaya suke shiga.

Hanya ta biyu: na gaba shi kaɗai

Tun kafin MS-DOS, manyan kwamfutocin jami'o'i sun riga sun fuskanci matsalar ta wata fuska. A 1961 Fernando Corbató da abokan aikinsa a cibiyar MIT ta Amurka suka nuna tsarin CTSS, inda mutane da dama ke amfani da kwamfuta ɗaya a lokaci guda, kowa da tasharsa. A 1969 kuma Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix a ɗakunan bincike na Bell. Tashoshin wancan lokaci na'urorin buga saƙon waya ne, irin su Teletype ƙirar 33 mai buga harafi 10 a daƙiƙa, kuma daga sunanta ne aka samo taƙaitaccen sunan tty da har yau ake kiran tasha da shi a Unix da Linux.

A Unix, ƙwaya ba ta miƙa harafi da zarar ya iso. A bisa al'ada takan tara layi guda, ta nuna wa mai bugu abin da ya buga, ta ba shi damar gogewa, sai ya danna madannin shigarwa kana ta miƙa layin. Manhajar da ke bukatar kowane harafi nan take, kamar ta gyaran rubutu, takan nemi a ba ta shi ɗanye. Mai tambayar kalmar sirri kuwa takan nemi a daina nunawa a fuskar tasha. Har ila yau akwai dannawar da ƙwaya ke riƙewa a matsayin umurni gare ta. Idan aka danna Ctrl da C, ba ta miƙa harafi, sai ta aika wa manhajar da ishara cewa mai na'ura ya ce a tsaya. Wannan muhimmin abu ne, domin ya nuna cewa akwai maganar da mutum ke yi da alƙali kai tsaye, ta bayan kan mai ƙara.

Amma idan mutum ɗaya ya tayar da manhajoji biyu a tasha ɗaya, duka biyun suna jiran rubutu fa? A Unix ta farko rububi ne, harafin ko layin da ɗaya ta ɗauka ya tafi ke nan, ɗayar ba za ta gan shi ba, kuma ba a san wadda za ta riga ba. Maganin ya zo ne a farkon shekarun 1980 cikin Unix ta Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, bisa aikin Jim Kulp, wanda a lokacin yake cibiyar IIASA a ƙasar Ostiriya. Aka kasa manhajoji ƙungiya ƙungiya, aka ce a kowace tasha ƙungiya ɗaya ce tak ke gaba, sauran duk 'yan baya ne. Ta gaba ita ke karɓar rubutu, ita kuma isharar tsayawa ke samu. In 'yar baya ta miƙa hannu za ta karanta, sai ƙwaya ta aika mata da wata ishara mai suna SIGTTIN ta daskarar da ita, ba ta motsi sai mai na'ura ya jawo ta gaba da kansa. Ƙa'idar POSIX ta 1988 ta shigar da wannan tsari cikin dokokinta, kuma da shi Linux da macOS ke aiki har yau.

Da aka koma zamanin tagogi, inda kowace manhaja ke da tagarta a fuskar kwamfuta, sai aka ɗauki wannan ƙa'ida aka faɗaɗa. Tagar da mutum ya zaɓa da linzami ita ce ta gaba, ita ke karɓar rubutu. Nan ma an sha wuya kafin a daidaita. A Windows 3.1 ta 1992 layin jira ɗaya ne ga kowa, saboda haka in manhajar da ke kan layi ta maƙale, duk sauran sai su tsaya a bayanta, kamar fayil ɗin da ya kwana a teburin jami'in da ya tafi hutu. Windows NT ta 1993 ta raba wa kowace manhaja layinta, ta yadda maƙalewar ɗaya ba ta hana mutum juyawa ga wata.

Ko wannan hanya tana da ɓaraka. A Unix an daɗe da wani umurni mai suna TIOCSTI, wanda ke ba manhaja damar cusa haruffa cikin layin tasha kamar mutum ne ya buga su. Manhajar da aka tsare a ƙuntataccen wuri takan iya cusa umurni ta fita, mai gidan ya karanta ya zartar da cikakken ikonsa. Masu tsarin OpenBSD sun cire shi a 2017, Linux kuma ta ba da damar kashe shi daga fitowa ta 6.2 a 2023. Ashe ke nan tambayar fuska biyu gare ta: wa zai ji abin da aka buga, kuma wa zai iya yin magana da muryar mai bugu.

Hanya ta uku: kowa da kwafinsa

Hanya ta uku ita ce a ba duk wanda ya nema kwafi. Misalinta mafi bayyana yana cikin ƙwayar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991. Sashenta na karɓar saƙon madannai da linzami, wanda Vojtech Pavlik ya tsara, ya zama hanyar kowane allo daga fitowa ta 2.6 a 2003. Kowane allo yana da ƙofarsa, kuma duk manhajar da ta buɗe ƙofar ana yi mata layin jira nata na kanta. Kowane saƙo yana ɗauke da abu huɗu: lokacin da ya faru, irinsa, lambar madannin, da halinsa, watau 1 in dannawa ce, 0 in sakewa ce, 2 in maimaitawa ce saboda an riƙe madannin. In wata manhaja ta yi nawa har layinta ya cika, ita kaɗai ke asara, kuma ƙwaya takan sa mata alama cewa wani abu ya zube, don ta sake tambayar waɗanne madannai ne ke danne a yanzu.

Wannan tsari ya kawar da rububi, tun da karatun wani ba ya rage rabon wani. Amma fa duk wanda ya sami shiga ƙofar yana jin kome, har da kalmar sirri. Don haka aka kulle ta, ba mai buɗewa sai mai kula da na'ura da waɗanda ya yarje wa. An kuma tanadi umurnin babakere mai suna EVIOCGRAB, wanda in manhaja ta yi amfani da shi sai saƙon allon ya koma gare ta ita kaɗai, wanda ya zo daga baya a ce masa an riga shi. A 2013 aka ƙara umurnin janyewa, EVIOCREVOKE, don in mutum biyu suna karɓa-karɓa a kwamfuta ɗaya, a iya toshe kunnen manhajojin na farko da zarar na biyu ya zauna.

Inda hanyar kwafi ta fi yin ɓarna shi ne a tsarin tagogi na X, wanda Bob Scheifler da Jim Gettys suka fara a MIT a 1984, fitowarsa ta 11 kuma ta bayyana a 1987 ta zama ginshiƙin tagogin Unix da Linux shekaru da dama. An tsara shi ne a zamanin da ake ganin duk manhajar da mutum ya tayar amininsa ce. Saboda haka, ko da yake akwai tagar gaba, kowace manhajar da ta haɗu da X tana iya tambayar abin da ake dannawa a tagar wata, tana kuma iya ƙirƙirar dannawar ƙarya. Hatta makullin fuskar kwamfuta, wanda ma'aikaci ke sawa in zai fita cin abinci, manhaja ce kamar kowace, wadda ta rufe fuskar ta yi babakere a kan allon. In ta faɗi, ƙofa ta buɗe. A watan Janairu na 2012 aka gano cewa a fitowa ta 1.11 ta X.Org, danna Ctrl da Alt da alamar sau ta gefen lambobi yana karya duk wani babakere, watau duk mai wucewa yana iya buɗe kwamfutar da aka kulle ba tare da kalmar sirri ba. An gyara da gaggawa, amma abin ya nuna raunin ginin. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wannan yana cikin dalilan da suka sa Kristian Høgsberg ya fara tsarin Wayland a 2008, wanda fitowarsa ta farko cikakkiya ta zo a 2012. A cikinsa manhaja ɗaya ce, mai kula da tagogi, ke karɓar saƙo daga ƙwaya, ita kuma ba ta miƙa wa kowa sai tagar gaba. Fedora ta mai da shi zaɓinta na farko a 2016, Ubuntu kuma ta tsaya a kansa daga 2021. Kamfanin Apple ma, daga macOS Catalina ta 2019, ya wajabta wa duk manhajar da ke son sauraron madannai daga baya ta nemi iznin mai na'ura a fili.

Amintacciyar hanya

Saura tambaya ɗaya, wadda ita ce mafi nauyi. A ce an tabbatar tagar gaba kaɗai ke ji. To, ta yaya mutum zai san cewa tagar da ke gabansa ita ce wadda take da'awar ita ce? Tsohuwar dabara ce tun zamanin tashoshin jami'a, ɗalibi ya rubuta 'yar manhaja mai kwaikwayon shafin shiga, ya bar ta a tasha ya tashi. Na bayansa ya zo ya buga suna da kalmar sirri, manhajar ta adana, ta ce masa ya yi kuskure, kana ta janye ta bar shafin gaskiya. Ba a karya wata doka ta rabo ba, domin mai bugun da hannunsa ya miƙa wa ɓarawo.

A 1983 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta fitar da ma'aunin amincin kwamfutoci, wanda aka fi sani da Littafi Mai Ruwan Lemo saboda launin bangonsa. Daga matakin da ta kira B2 zuwa sama, ta shar'anta a sami amintacciyar hanya tsakanin mutum da tsarin, wadda babu manhajar da za ta iya tare ta ko ta kwaikwaye ta. Yadda aka cika wannan sharaɗi a aikace shi ne a keɓe wata dannawa da ba a taɓa miƙa wa manhajar gama-gari. David Bradley, injiniya a IBM, shi ya ƙirƙiro haɗin Ctrl da Alt da Del don sake tayar da IBM PC. Masu gina Windows NT suka ɗauke shi a 1993 suka ba shi sabon aiki: duk lokacin da aka danna shi, tsarin ne da kansa ke amsawa, kuma shafin da ya bayyana nasa ne. Shi ya sa kwamfutocin ofisoshi da yawa ke neman a danna ukun nan kafin a shiga. Wasu na ganin wahalarwa ce, alhali kuwa ita ce shaidar cewa da rajista kake magana, ba da ɗan damfarar da ya ari rigar masinja ba. Linux ma tana da irinta, Alt da SysRq da K, wadda in an kunna ta take kashe duk abin da ke kan tashar don shafin gaskiya ya dawo.

Abin da ya shafi mai rubutu da Hausa

Mai sauraro zai iya cewa, ai sai a toshe kowace kafa a huta. Abin bai zo da sauƙi haka ba, kuma mu ne shaida. Na faɗa a baya cewa allo lambar gurbi yake aikawa. Mai da lambar zuwa harafi aikin wata taswira ce, kuma yawancin allunan da ake sayarwa a kasuwanninmu an yi su ne don Ingilishi ko Faransanci, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Nijeriya ke rubuta 'y. Windows da Linux duk suna da taswirar Hausa da mutum zai iya zaɓa, kuma wannan ita ce hanya mafi aminci, tun da cikin tsarin take. Amma da yawa sukan ɗora wata manhaja ta musamman, kamar Keyman ta ƙungiyar SIL, wadda ke tsayawa tsakanin allo da taga tana sauya dannawa zuwa harafi mai lanƙwasa. Irin wannan manhaja ba za ta yi aiki ba sai ta ji duk abin da aka buga. Haka manhajar da ke karanta wa makaho abin da yake rubutawa, haka ta masu rubutu da Sinanci ko Amharanci. Iznin da mai hidima ke bukata shi ne dai iznin da mai laɓe ke nema.

Saboda haka tsarin da ya toshe kome ya zalunci makaho da mai ƙaramin harshe, wanda ya buɗe kome kuma ya sayar da sirrin kowa. Inda aka dosa a yanzu shi ne tsakiya, watau a keɓe ƙofa ta musamman ga irin waɗannan manhajoji, kuma kada a buɗe ta sai mai na'ura ya yarda da saninsa. Shi ya sa wayar Android ke gargaɗi, duk lokacin da za a kunna sabon allon rubutu, cewa yana iya tattara abin da ake bugawa har da kalmar sirri da lambar katin banki. Ƙwaya ta yi nata, ta miƙa ragowar hukuncin ga mutum.

Kammalawa

Shugaba, jama'a, mun ga hanyoyi uku. Rububi ya kai ga rikici, kwafi ga kowa ya kai ga laɓe, fifita na gaba kuwa shi ya fi tsayawa, amma sai an haɗa shi da amintacciyar hanya da kuma ƙofar izni ga masu hidima na gaskiya. Ga ɗalibanmu da za su gina irin waɗannan tsare-tsare gobe, tambayoyi huɗu ne ya kamata su riƙa yi wa kowane gini: wa ke ji, wa ke iya magana da muryar mai bugu, wa ke iya janye iznin da aka bayar, kuma me zai faru in mai riƙe da allon ya faɗi.

Ga ma'aikata kuwa, waɗanda fayilolin albashi da jarrabawa da kwangila ke bi ta yatsunsu, abin da ke kansu bai da yawa. Kada a ɗora manhajar da ba a san asalinta ba a kwamfutar ofis, musamman mai neman iznin sauraron madannai. In tsarin yana da taswirar Hausa, a fara da ita. Inda aka sa dannawar shiga ta musamman, a danna ta ko da shafin shiga yana buɗe, domin amfaninta ke nan. A kuma guji buga kalmar sirrin aiki a kwamfutar haya, tun da ba ka san wanda aka ba izni a cikinta kafin ka zauna ba. Rigakafi dai ya fi magani.